Hulunan Turkuɗi

Ƴaƴana, kun yi ta aiko mini da saƙo kuna tambayar yadda aka yi na kai ƙarar mutumin da zan aura wurin lokotoro, wato likita, da bakina. Wata ma ta rubuto ta ce da ita ce, ko an sa mata wuƙa ba ta yi. Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, ni ma haka nake zato kafin ranar ta zo. Na daɗe ina kewaye wannan wuri na labarin. Yau dai ku gyara zama.

Sunana Shatu, ɗiyar Mani falanto. Aikin babana kai takardu ne daga ofishin kumandan a Dogon Dutsi, kuma aikin nan ne ya ja aka sa ni lakwal, makarantar boko, don ba ya yiwuwa a aike shi kiran ɗiyan mutane ya ɓoye tasa. Da na gama ta garinmu aka tura ni koleji a Yamai. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, saura shekara huɗu Nasara su tattara su tafi, ko da yake mu ba mu sani ba.

A kolejin akwai wata madam da ke koya mana sha'anin jiki da cututtuka, ramammiya, kullum da gumi a saman leɓenta. Ta taɓa aiki da masu yawon allura a daji, shi ya sa karatunta ya bambanta da na sauran. Takan ce cuta ba ta da ƙafa, ta mutum take ara, saboda haka tana barin sawu. Tambaya uku ta ɗora mu a kai: wa ya fara, yaushe, me ya taɓa. In agana ce, ki koma baya kamar kwana goma sha biyu daga ranar zazzaɓi, ki nemi inda aka gamu. Ƴan ajinmu rufe ido suke in ta buɗe hotunan littafinta. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, matsawa nake in ƙara gani. Ta ce in na ci jarrabawar ƙarshen shekara za ta rubuta mini takarda zuwa Dakar.

Da bazarar shekarar sanƙarau ya shiga Yamai, aka ce mu koma gidajenmu har abin ya lafa. Madam ta raba mana kaye, littafin rubutu, guda guda, ta ce kowace ta zana garinsu, in wata cuta ta ɓulla ta bi sawunta a rubuce. Kwana biyu muka yi a bayan kamyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gishiri. Gajiyar da na sauko da ita ban sake rabuwa da ita ba har ƙarshen labarin nan.

To, ga Sama'ila. Tela ne, rumfarsa na gefen kasuwa ƙarƙashin wani gawo, kekensa na hannu ne, irin wanda ake juyawa. Dogo, siriri, kullum da zare a leɓe da allura biyu soke a hula. An riga an kawo gaisuwarsa gidanmu, kuma ya yarda ya jira ni shekara biyu, abin da ya sa abokansa ke kiransa mai gadin lakwal. Ya ɗan koyi boko wurin wani tsohon soja. Tunda ba ya yiwuwa mu tsaya hira a idon mutane, takarda yake naɗewa ƙanana ya ɗinke cikin lafin riga ya aiko, ni kuma in farke da reza. Kwana biyu da isowata ya aiko da rigar atamfa mai ruwan ƙwai. A lafinta na samu wannan:

“Shatu barka da zuwa. Na hange ki kina sauka mota, kin rame. Ashe Nasara ba su san fura ba. Na auna ki da ido, na rage yatsa biyu.”

Ya rage fiye da yatsa biyu, rigar matse ni take a hammata. Na sa ta haka nan.

Ban cika sati ba Inna ta dawo daga rijiya ta ce, murya ƙasa ƙasa, baƙi sun sauka gidan Altine. Mu nan zanzana muke ce wa agana, amma tsofaffi ba sa son a kama sunanta, sai a ce baƙi. Jaririyar Altine ce, Asiya, wata biyar da haihuwa. Kashegari aka ji na biyu a wani gida bayan masallaci, sannan na uku a unguwar mahauta, can ƙarshen gari. Duka jarirai, duka an haife su bayan wucewar masu lamba, masu rigakafin agana.

Ni an yi mini lamba sau biyu, ga tabon nan har yau a damtsena, don haka ban ji tsoron shiga ba. Inna ce ta ji. Ta ce budurwar da aka kawo wa gaisuwa ba ta yawon gidajen ciwo da alƙalami, mutane za su ce wanda na rubuta sunansa shi ke mutuwa. Ta ce in maganar ta kai kunnen lokotoro, za a kwashi ɗiyan mutane a kai zango bayan dutsi, a ƙone musu shimfiɗa, kuma a ce ɗiyar falanto ce ta kai tsegumi. Ban yi mata musu ba. Kunu na riƙa damawa ina kaiwa dubiya, kayen na soke a zane ta ciki, sai na fito na raɓe bayan danga in rubuta.

Kwana huɗu ina wannan yawo cikin rana, ƙafafuna sun kumbura, ban samu komai ba. Gidajen uku kowanne da rijiyarsa. Uwayen ba su san juna sosai ba. Na koma baya kwana goma sha biyu, ba biki, ba suna, ba baƙon da ya kwana. Na zana gidajen a kaye, na zauna ina kallon ɗigo uku da ba abin da ya haɗa su, har na fara cewa a raina madam dai Banasara ce, ba ta san cutar garinmu ba.

Rana ta biyar na koma wurin Altine. Ɗakin ya ɗauki zafi, an toshe ƙofa da tabarma, yarinyar ba ta da ƙarfin kuka. Na jiƙa tsumma na goge mata kai, sai tsumman ya fito shuɗi. Na tambaya, Altine ta jawo wata ƴar hula daga ƙarƙashin matashi ta ce ai babar hular ce. Hular turkuɗi ce. Ku na yanzu ba lalle kun san shi ba: baƙin rini ne da ake bugawa har ya yi sheƙi kamar bayan ƙwaro, yana zuba a fata, kuma zubar nan ita ce adon. Ba a wanke shi, ranar da ya ga ruwa ranar darajarsa ta ƙare.

“Angonki ya ba ta,” in ji Altine, har da ɗan murmushinta duk da halin da take ciki. “Na kai mai zane ya kama mini baki, ya ɗora mini ita kyauta. Kin yi sa'ar miji, Shatu, hannunsa a buɗe yake.”

Ban san yadda na fita ɗakin ba. Na je gidan bayan masallaci, na je na mahauta. Ban ma tambaya ba, goshin yaran na duba. Duka biyun da shuɗi a bakin gashi, duka biyun da hula, duka daga rumfar gawo, a ranar kasuwa guda. Kafin in dawo unguwarmu an fara kuka a gidan Altine.

A garinmu yarinya ba ta zuwa wurin sana'ar wanda zai aure ta. Na je. Na bari sai da azahar ta yi, kasuwa ta yi tsit, na ja mayafi har hanci. Na tarar da shi kwance a tabarma bayan keke, ya yi matashi da wata baƙar riga mai sheƙi, kuncinsa ɗaya shuɗi. Da ya gan ni ya yunƙura ya zauna, a hankali, kamar tsoho.

“Yau kuma lakwal ce ta zo wurin mai gadinta?”

Na tsaya daga bakin rumfa na tambaye shi rigar wa ce. Ya ce ta Gado mai goro ce, na Kore Mairuwa, wanda ya rasu kwanan baya. Ɗiyansa biyu suka kawo a raba musu ita gida biyu, sai bayan sadakar arba'in za su karɓa. Sun ce zazzaɓi ne ya kashe shi, kuma tsohon na son rigar ƙwarai, da ita ya ce a riƙa lulluɓe shi har ya cika. Da ya yanka sai ƙyallaye suka rage, masu kyau, ya ga ba su kamaci shara ba. Ya yi huluna, duk mai goyon da ta kawo ɗinki ranar kasuwar ya ba ta.

“Guda nawa?”

“Bakwai. Mi ya faru?”

Na faɗa masa. Na faɗa masa Asiya ta rasu. Ya daɗe yana kallon kekensa. Uku na cikin gari, ya ce, uku kuma matan ƙauye ne da ya san gidajensu wajen Matankari, ta bakwai ya manta ko wace ce, ranar an yi cunkoso.

Na ce ya naɗe hannun rigarsa in ga damtsensa. Ya so ya mai da abin wasa, ya ce tun ba a ɗaura ba. Ban yi dariya ba, sai ya naɗe. Fata sumul, ba tabo. Ya ce an yi masa lamba bara, saura sati biyu Salla, ɗinki ya yi masa tsibi. Kowa ya san in lamba ta kama hannu kumbura yake, tela kuwa da hannunsa yake ci. Yana fita daga layi ya zaga bayan danga ya goge wurin da lemun tsami, yadda maƙera da masu jima suka yi.

“Bayanka na ciwo?”

“Tun jiya. Zaman keke ne.”

“Kanka fa?”

Ya dafe goshinsa. Ƴaƴana, a littafin madam haka aka jera su, zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya, na haddace su na ci maki a kansu. Ban taɓa kawowa a raina zan ji su a bakin Sama'ila ba.

Ya gane inda na dosa tun ban faɗa ba. Ya nuna mini igiyar da ke rataye daga wannan gefe na rumfa zuwa wancan, atamfofi, farin alawayyo, rigunan mutane, kayan amare biyu, har da turmin da ya ajiye don aurenmu. Ya ce in Issa na gidan likita ya ji, wuta za a sa wa duka, kuma telan da aka ƙone kayan mutane a hannunsa ba mai sake ba shi ko ƙyallen faci. Ya ce in ba shi kwana biyu, shi da kansa zai bi ƙauyukan ya karɓo hulunan a ɓoye. Ya tashi don ya nuna mini yana iyawa, sai da ya dafa keke.

“Kwana biyu kaɗai, Shatu.”

Na ce masa ya sha ruwa da yawa, kada ya bar kowa ya shigo. Shi ke nan abin da na iya faɗa.

A gida na tarar da Inna tana tankaɗe, Baba na jingine da rumbu yana gyaran takalmin aikinsa. Na zauna a turmi na faɗa musu duka, don nauyin ya fi ƙarfina. Inna ta ajiye rariya. Ta ce mu je mu karɓo hulunan cikin gari mu binne, na ƙauye kuma Allah ya tsare. Na ce hula ba ita kaɗai ba ce, yaran ƙauyen lamba suke bukata, su da duk wanda ya ɗauke su, tun abin bai fito ba, kuma Issa kaɗai ke da allura da doki.

“Ke ba ki ji mi nike ce miki ba,” in ji Inna. “Matar da ta kai mijinta bayan dutsi tun ba a ɗaura ba, ta sa aka ƙone mai sana'a, wa ya ɗauke ta a ƙasar nan? Kwana biyu ya roƙe ki. Yaron da ya ba ki shekara biyu.”

Wannan maganar har yau tana nan inda ta soke ni. Na juya wurin Baba. Ya ce shi shekara ashirin yana ɗaukar takardu, abin da ya tsare masa kai bai taɓa son sanin abin da ke ciki ba. Ya hura ƙurar takalmin, ya ce in zan je kada in ce shi ya aike ni, kada kuma in ce ya hana ni.

Na je da la'asar. Issa shi ne majo, babban mai jinya na gidan likita, Bazabarme, gajere mai tumbi, kullum in ya gan ni sai ya ce madmazel lokotoro don tsokana. Ranar bai tsokane ni ba. Ya karanta kayen sau biyu, ya bi layukan da na ja daga gidajen zuwa gawo da ɗan yatsa, ya tambaye ni da Faransanci wa ya koya mini wannan. Kafin rana ta faɗi ya tura mahayi Kore Mairuwa, shi kuma ya ɗaura sirdi don Matankari.

Kashegari da hantsi aka ƙone kayan rumfa a fili bayan kasuwa. Gari ya taru daga nesa. Ba wanda ya yi ihu, sai dai in an ɗaga wani zane da sanda a ji wata ta ce nawa ne. Na ga turmin aurenmu, mai ganyen kore, bai ma so kamawa ba da farko. Keken aka wanke da girezil, ruwan maganin kashe cuta, aka kai gidan likita. Sama'ila ya wuce da ƙafarsa zuwa zango, gardin kumandan biyu na binsa daga nesa, ya bi ta gabana bai ɗago ba.

Uwarsa Ajuma ta iso daga Matankari da yamma. Na zaci zagi za ta yi. Ta gaisa da Inna, aka kawo mata ruwa ta ce ta sha a hanya. Ta ce a ware kayan gaisuwa gefe guda tukuna, har Allah ya nuna abin da ya nuna. Ni ko kallona ba ta yi ba. Fuskarta duk zanen zanzana ne tun ƙuruciya, don haka Issa ya bar ta ta shiga zango ta yi jinyar ɗanta.

Kwana takwas suka biyo baya, ban san yadda zan ba ku su ba, duk iri ɗaya ne. A rijiya mata suna matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata. An samu hulunan Matankari uku, an yi wa gidajen lamba, yaro ɗaya ne abin ya fito masa, shi ma ya tashi. Ɗan mahauta ya rayu, na bayan masallaci bai rayu ba. Hula ta bakwai ba labari. Sai ga takardar madam ta hannun Baba: an buɗe makaranta, kamyo na tashi ranar Asabar, jarrabawa saura sati uku, wadda ba ta zo ba ta manta da Dakar. Inna ta hau wanke mini kaya da saurinta, ta ce gara ma in tafi, ko gari ya huta da ganina ni ma in huta da ganinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Issa ya aiko in same shi a bakin zango. Bukkoki ne guda biyar na zana a gindin dutsi, an kewaye su da ƙaya. Ya tsai da ni nesa da shingen, ya nuna mini wata takarda a ƙasa an danne ta da dutse. Ya ce in karanta da ido, kada in taɓa. Na durƙusa, hannuwana a baya. Rubutun ya karkace, wani wuri fensirin ya huda takardar.

“Shatu. Sun fito, har cikin baki. Inna ta ce in na tashi fuskata ba za ta zama wadda kika sani ba. Kwana biyar ina bin layin ranar kasuwar a kaina mace bayan mace yadda kike yi. Na tuna ta bakwai. Matar Buba ce mai nono, ɗanta namiji, ta ce za su yi wajen Dogon Kiriya da shanu. Ki gaya wa Issa. Rigarki na san na rage ta da yawa. In na tashi, in kina nan, zan buɗa ta.”

Na karanta sau uku. Issa ya ƙyasta ashana ya ɗora mata, muka tsaya har ta zama toka. Na leƙa ta cikin ƙaya ko zan ga motsi, sai Ajuma kaɗai na gani a ƙofar bukka tana fifita da faifai. Ta dube ni, wannan karon ta dube ni sosai, sannan ta koma ciki.

A hanyar dawowa Issa ya ce gobe da sassafe zai bi sawun Buba. Ya ce matsalar ita ce matan ruga ba za su kwance goyo su nuna wa namiji baƙo ba, in suka hango farar rigarsa ma daji za su shiga. Mace yake bukata mai lamba, wadda ta san abin da take nema. Tafiyar kwana huɗu ce, wataƙila biyar. Ya san da maganar kamyo, shi ya sa bai dube ni ba da yake faɗa.

Da gari ya waye na tarar Inna ta ɗaure mini akwati ta ajiye a bakin ƙofa. Na sa rigar nan mai ruwan ƙwai, ta kama ni a hammata kamar kullum. Na ɗora akwatin a ka, na soke kayen a zane. Baba ya raka ni. A bakin kasuwa, kusa da gawon da ba rumfa a ƙarƙashinsa yanzu, direban kamyo na ta danna ƙaho yana kiran ƴan Yamai. Ɗaya gefen kuma ga Issa tsaye, riƙe da linzamin dawaki biyu. Na sauke akwatin na miƙa wa Baba.